Tsohon falet: yadda katakon ɗora kaya ke komawa gado, benci da akurki, da abin da ya kamata mutanen Argungu su sani

Duk wanda ya taɓa leƙa harabar wata masana'antar casar shinkafa, ko babban siton taki, ko wurin da ake sauke fale-falen sola da tayil, ya ga wani shimfiɗaɗɗen katako mai gajerun ƙafafu da ake jibga kaya a kansa. Wannan shi ne falet. Aikinsa shi ne ya ɗaga kaya daga ƙasa domin na'urar ɗaukar kaya ta zura yatsunta biyu na ƙarfe ta ƙarƙashinsa, ta ɗauke lodin gaba ɗaya a tashi guda. Idan ya tsage ko ya gama aikinsa, sau da yawa ƙarshensa murhu ne ko bayan katanga, inda gara da ruwan damina za su cinye shi.

A ƙasashe da dama an mayar da sake sarrafa wannan katako sana'a mai zaman kanta. A kwarin Rima kuwa, inda itace ke ƙara wuya kuma katako ke ƙara tsada, batun ya taɓa aljihu da lafiya da muhalli, har ma da yadda ake tafiyar da dukiyar jama'a. Wannan bayani ya tattaro asalin falet, da yadda ake gane mai lafiya daga mai haɗari, da abin da ake iya ƙerawa da shi, da kuma tambayoyin da suka rataya a wuyan hukumomi.

Asalinsa da girmansa

Falet ya samu karɓuwa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da rundunar sojin Amurka ta buƙaci hanyar loda kaya masu ɗimbin yawa da hannaye kaɗan. Bayan yaƙin 'yan kasuwa suka rungume shi, sannan zuwan kwantena a 1956 ya ƙara masa muhimmanci, domin su biyun ne suka sa dakon kaya tsakanin nahiyoyi ya yi sauri da araha.

Ba girma ɗaya ake yin sa ba. Na Amurka yawanci inci 48 ne da inci 40. A gabashin Asiya an fi amfani da mai santimita 110 a kowane gefe. Na Turai, wanda kamfanonin jiragen ƙasa na nahiyar suka amince da shi a 1961, tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80. Shi ne aka fi ƙayyade wa ƙa'ida: alluna 11, gungume 9, ƙusoshi 78. Nauyinsa kimanin kilo 25, amma yana ɗaukar kayan da suka kai kilo 1,500.

Wannan lissafi yana da amfani ga kafinta. Takwas daga cikin allunan na Turai suna da tsawon santimita 120, sauran ukun kuma 80, kaurinsu duka milimita 22. Idan aka jera su baki da baki, falet ɗaya na ba da katako mai tsawon mita 12, in an yi sa'ar ɓanɓare shi ba tare da tsagewa ba. A aikace wasu allunan kan lalace wajen cirewa, don haka mai hankali kan ƙiyasta ƙasa da haka kafin ya yi ciniki.

Ta ina yake shigowa Kebbi

Har yanzu mafi yawan kayan da ke yawo a kasuwannin Argungu da Birnin Kebbi da Jega a kan kai da kafaɗar 'yan dako suke sauka daga mota. Saboda haka falet bai yawaita a nan kamar yadda yake a Apapa ko unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa a Kano ba. Sai dai shekaru goman da suka wuce sun sauya yanayin.

A ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoma lamuni a Birnin Kebbi. A ƙarshen 2016 shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa. A watan Agustan 2017 kuma Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu, wadda aka tsara ta sarrafa tan 120,000 a shekara, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Duk inda aka kafa injina, aka gina manyan rumbunan zamani, aka riƙa shigo da taki da kayan gyara, to katakon ɗora kaya da akwatunan katako na biye da su. Haka nan kayan sola, batura, tayil, fenti da lemon kwalba kan iso a kansa daga Legas ko Kano.

Wata ƙofar ita ce iyaka. Kebbi na maƙwabtaka da Nijar da Binin, kuma kayan da ke bi ta Kamba da sauran mashigai sun fito ne daga tashoshin ruwa daban-daban. Don haka katakon da mutum zai tsinta a kasuwa yana iya kasancewa an sare shi a Sin, ko Indiya, ko Turai, ko dazukan kudancin Najeriya. Nan ne hatimin da ke jikinsa ke da rana.

Karanta hatimi kafin ka saya

Katako ɗanye na ɗauke da ƙwari da tsutsotsi daga wata nahiya zuwa wata. A 1996 an gano wani ƙwaro mai huda itace daga Asiya a birnin New York, aka sare dubban bishiyoyi domin a shawo kansa. A 1999 wata tsutsa mai kashe bishiyar fain ta ɓulla a Fotugal. Irin wannan ɓarna ce ta sa a 2002 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15. Ƙa'idar ta wajabta a kashe ƙwarin da ke cikin duk katakon ɗora kaya da zai tsallake iyaka, sannan a buga masa hatimi. A Najeriya, hukumar killace kayan amfanin gona ta NAQS ce ke da alhakin kula da wannan.

Hatimin yana a jikin gungume ko gefen allo. A hagunsa akwai alama mai kama da zangarniyar alkama tare da haruffan IPPC. A damansa akwai haruffa biyu na ƙasar da aka yi aikin, kamar NG ta Najeriya, CN ta Sin, IN ta Indiya, DE ta Jamus, sai lambar kamfanin, sai kuma haruffan da ke nuna irin maganin da aka yi.

HT na nufin an gasa katakon da zafi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon aƙalla minti 30. Ba a sa masa guba ba, kuma shi ne ya fi dacewa da aikin cikin gida.

DH ma zafi ne, sai dai na'urar lantarki ce ke haifar da shi.

KD na nufin an busar da katakon a tanda. Yana rage lanƙwashewa da ruɓewa, kuma sau da yawa ana ganinsa tare da HT.

MB na nufin an turara shi da iskar methyl bromide, guba mai illa ga huhu da jijiyoyi, wadda kuma ke cinye rufin sararin samaniya da ke kare duniya daga zafin hasken rana. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyaren da suka biyo bayanta sun hana amfani da ita a noma, amma an bar ƙofa domin killace kayan da za su tsallake iyaka. Tarayyar Turai ta haramta ta gaba ɗaya a 2010. Mafi yawan iskar kan fice daga katako bayan wani lokaci, duk da haka shawarar da aka fi bi ita ce a nisanta shi daga gado, abinci da dabbobi.

SF ma turare ne, da wata iskar guba ta daban da aka amince da ita daga baya.

Falet ɗin da ba shi da hatimi galibi na cikin gida ne, domin doka ba ta wajabta hatimi ga wanda bai fita ƙasa ba. Rashin hatimi bai tabbatar da lafiyarsa ba, bai kuma tabbatar da illarsa ba. Abin da ya rage shi ne a binciki abin da ya ɗauka.

Abin da hatimi ba ya faɗa

Hatimi na bayyana yadda aka shirya katakon ne a ranar farko. Ba ya ba da labarin shekarun da ya yi yana yawo. Katako kamar soso yake, yana tsotse abin da ya zuba masa. A yankin noma irin Argungu, inda sito ɗaya kan haɗa taki da maganin ciyawa da maganin ƙwari, wannan shi ne babban haɗari. Falet mai tabon mai, ko farin gari da ya daskare, ko wari mai hawa kai, a bar shi, ko da yana ɗauke da HT.

Misali daga Amurka ya nuna yadda abin ke da zurfi. Tsakanin 2009 da 2010 an janye ɗimbin kwalaben maganin Tylenol daga kasuwa bayan masu saye sun koka da wani warin ruma. Bincike ya danganta warin da wani sinadari da ya samo asali daga maganin da aka shafa wa katakon ɗora kaya, wanda ya ratsa har cikin mazubin magani. Idan haka ta faru da kwalba, to ina ga buhun gari ko kwanon abincin kaza.

Akwai kuma katako mai launin kore-kore, alamar an dafa shi da maganin hana ruɓewa, wanda tsohon nau'insa ke ɗauke da arsenik. Shi da katako mai tsohon fenti ba a ƙona su. Wannan gargaɗi ya shafi Argungu kai tsaye, garin da kifi ya ɗaukaka sunansa. Mai banda da ya sa irin wannan katako a wuta, hayaƙin gubar zai kwanta a jikin kifin da za a kai kasuwa. Haka mai tsire, mai ƙosai da mai gidan burodi. Tokar ma tana riƙe gubar, don haka ba a zuba ta a gona. Tsohon fenti kuma na iya ƙunsar dalma, kuma Arewa maso Yamma ta san illar dalma tun 2010, lokacin da ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara.

Falet ɗin da ya kwana cikin ambaliya, kamar wadda ta mamaye fadamun Kebbi a 2020, yakan kama ruma ta ciki. Wanda ya yi baƙi-baƙi ko ya yi laushi ba shi da amfani ga ɗaki.

Na wane ne?

Ba kowane falet da aka gani a yashe ne ba shi da mai shi. Mai shuɗin fenti da sunan CHEP mallakin kamfanin haya ne wanda ya samo asali a Ostareliya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Aron sa ake bayarwa, kuma ana sa ran a mayar. Masu jan fenti da wasu launuka ma sau da yawa na irin waɗannan kamfanoni ne. Masana'antun lemo da na abinci kan ƙirga nasu a matsayin kadara. Saye daga hannun mai gadi ko direba ba tare da izinin mai kaya ba na iya jefa kafinta cikin tuhumar karɓar kayan sata. Hanya mafi tsafta ita ce a yi ciniki da mai sito ko jami'in da ke da hurumin sayarwa, a kuma karɓi rasit.

Daga sito zuwa shago

Ana fara wa da wanki da sabulu da burushi, a shanya shi a inuwa mai iska har ya bushe sarai. Ƙusoshin falet masu zobe-zobe ne a jiki, an yi su ne don kada su fita, shi ya sa ɓanɓara da ƙarfin tsiya ke tsaga allo. Gwanaye kan zura zarton ƙarfe tsakanin allo da gungume su yanke ƙusar, sannan su doke kanta daga baya. Duk ƙusar da aka manta za ta ɓata bakin zarto ko ta yaga hannu, kuma tsatsa da datti na buɗe ƙofar cutar tetanus mai sandarar da jiki. Safar hannu da takalmi mai kauri ba ado ba ne. Wajen goge katako da sanfefa a rufe hanci da baki, a kuma yi aikin a fili.

Yanayin Kebbi na da nasa hukunci. Yawancin falet na waje da itace mai laushi ake yin sa, irin wanda gara ke so, kuma gasawar HT ba ta hana sabon ƙwaro shiga daga baya. Don haka ƙafar kaya kada ta taɓa ƙasa kai tsaye. A ɗora ta a kan bulo, dutse ko ƙarfe. Hunturu na tsotse danshin katako har ya tsage, damina kuma ta kumbura shi, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin alluna, a shafe su da fenti ko man katako ta kowace fuska. Baƙin man mota da wasu ke shafawa don korar gara ya tsaya ga turakun shinge; ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa kusa da dabba ko abinci.

Abin da ake iya ƙerawa

A ɗaki, falet huɗu irin na Turai idan aka haɗa su biyu-biyu suna ba da dandamali mai tsawon santimita 240 da faɗin 160, wanda ya ishi katifa mai ƙafa shida da huɗu da rabi, har a sami gefen ajiye fitila. Iskar da ke bi ta ƙarƙashi na rage zafi a watannin bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Daga alluna kuma ana fitar da kantar littattafai, ma'ajiyar takalma, mazaunin randa, allon rataye tufafi, firam ɗin madubi da ƙaramin tebur.

A kasuwa, teburin mai shayi, bencin majalisa, rumfar mai cajin waya da kantar mai tireda duk ba sa buƙatar katako mai tsada. A gona da sito, amfaninsa mafi sauƙi shi ne wanda aka yi shi dominsa: ɗaga buhun shinkafa, gero ko albasa daga ƙasa, domin danshi kada ya taso masa kuma iska ta ratsa. Ga manoman albasa na Aliero da masu ajiyar shinkafa a Argungu da Suru, falet mai tsafta ya fi daraja a yadda yake fiye da a wargaje shi.

Ga dabbobin gida kuwa, ana yin akurkin kaji mai ƙafafu wanda kashi ke zuba ta ƙasa, ɗakin tattabara, kejin zomo, komin zuba harawa da dusa, dandamalin kwanciyar awaki a lokacin damina, da 'yar bukkar kare ko kyanwa. A nan ƙa'idar ta fi tsauri, domin zomo da akuya na gaigayar katako, kaza na tsattsagar sa. HT mara tabo kawai ya dace, ba fenti a ciki, ba kan ƙusa a waje.

Akwai inda bai dace ba. Allon falet siriri ne kuma yana da ramukan ƙusa, don haka ba a yin rufin ɗaki, tsani, gadon jariri ko allon yanka nama da shi.

Inda siyasa ta shigo

Kebbi na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. A ɗaya gefen, sarar marke, kirya da maɗaci don girki da gawayi da katako na ci gaba, kuma tsadar makamashi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta mayar da gidaje da yawa ga murhu. Madobiya kuwa, kwasar ta zuwa Asiya ta yi tsanani har aka dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018 ƙarƙashin yarjejeniyar CITES.

Falet ba zai ceci daji ba; yawansa a Kebbi bai kai haka ba. Amma kowane benci da aka yi da shi allo ne da ba a yanko daga sabuwar bishiya ba, kuma katakon da ya zama kujera na shekaru ya fi wanda ya ƙone a dare ɗaya.

Tambayoyin da matasa za su iya yi a bayyane suke. Na farko, ina falet da akwatunan da ke zuwa da kayan gwamnati suke tafiya, daga taki da magunguna zuwa injinan ban-ruwa da kayan sola? Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi yadda ake rabuwa da kadarorin hukumomin tarayya, kuma ruhinta shi ne a yi a fili, kuɗin ya shiga baitulmali. Ya dace jiha da ƙananan hukumomi su riƙa sanar da gwanjon irin waɗannan kaya, a bai wa ƙungiyoyin kafintoci damar shiga.

Na biyu, kujerun makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata kason. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, shugabanninsu sun rage abin fakewa. Katakon falet ba zai maye gurbin kwangilar kujeru masu inganci ba, kuma bai kamata a mayar da shi uzurin tauye haƙƙin yara ba. Amma gyaran benci da ya karye, da kantar littattafai, da allon sanarwa, aiki ne da kafintan unguwa zai yi da shi cikin kuɗi kaɗan.

Na uku, koyarwa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da cibiyoyin koyon sana'a, wurare ne da za a iya koya wa matasa karanta hatimi, tantance katako da ƙera kaya masu kyan gani. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, kasuwa ce ga duk mai abin nunawa a shekarar da aka gudanar da shi.

Na huɗu, lafiyar jama'a. Jami'an duba-gari da shugabannin masunta da na mahauta su ne suka fi kusa da masu banda da masu gashi. Sanar da su cewa katako mai fenti, mai launin kore ko mai tabon magani ba ya shiga wutar abinci bai buƙatar kasafi mai yawa.

Taƙaitaccen ma'auni ga mai saye

Kafin ka biya kuɗi, duba abu biyar. Ka nemi hatimi, ka zaɓi HT, ka kauce wa MB. Ka tambayi irin kayan da ya ɗauka da inda aka ajiye shi. Ka shinshina, ka duba tabo, ruma da ƙananan ramukan ƙwari masu zubar da gari. Ka tabbatar mai sayarwa na da ikon sayarwa, musamman idan katakon na da fenti da sunan kamfani. Sannan ka ƙirga allunan da za su fita lafiya, ka haɗa da kuɗin dako da ladan ɓanɓara, ka gwada jimillar da farashin 'yan katako a ranar. Idan lissafin bai fita ba, araha ba ta yi rana ba, gara a bar falet ɗin a ƙarƙashin buhu ya ci gaba da aikinsa.